Ranar da Na Tare wa Baffa Ƙofa

Ni tela ne a Batsari, kuma tun ina ƙarami aka san ni da rashin zama wuri ɗaya. Ko a masallaci, in huɗuba ta yi tsawo, sai ƙafata ta dama ta kama taka keken ɗinkin da babu shi, har na kusa da ni ya gaji ya dafa mini gwiwa. Inna, mahaifiyata, takan ce da ana auna haƙuri a kasuwa da ta sayo mini tiya guda ta dama mini a kunu. Ni kuwa ban taɓa ɗaukar abin aibu ba. A ganina masu zama ne ke da matsala, duniya na tafiya su suna kallo.

Shekarar da Baba ya kwanta, damina ta kama mun riga mun gama zagayen asibiti. Ƙoda ce. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga, mutumin da ya shekara arba'in yana awon hatsi a tsaye. Likita na ƙarshe da muka gani a Katsina ya ja ni gefe tare da Yaya, babbar yayata da ke aure a Safana, ya ce mu kai shi gida, mu ba shi duk abin da ransa ke so, mu ci gaba da addu'a. Ba mu tambaye shi abin da yake nufi ba, don babu wanda bai gane ba. Muka dawo da shi muka shimfiɗa masa katifa a ɗakinsa na kusa da zaure, inda tiyoyinsa na awo suke kife a kan buhu.

Jinya ta rabu da kanta ba tare da an yi shawara ba. Inna ke dama kunu, ko da cokali biyu zai sha. Yaya ta taho da jakarta ta tare, ita ke zama a gefen kansa, tana jiƙa auduga tana shafa masa a leɓe, tana kore ƙuda da mafici. Ni aikina ɗagawa da juyawa. In lokacin salla ya yi na kawo masa wani dutse mai sulɓi da muka ajiye a gefen katifa, in ɗora hannuwansa a kai ya yi taimama, in juya shi ta gefen dama ya fuskanci gabas, ya yi sallarsa da ido da ɗan motsin kai. Wannan ba ya cin minti goma. Sauran yinin ne ya gagare ni.

Sai na ƙirƙiri aike. Yau na tafi karɓo rubutu wurin wani malami a bayan kasuwa, gobe na ji labarin wani mai tofi a Wagini na hau babur, jibi na je roƙon ruwan zamzam wurin wata maƙwabciya da ta dawo daga aikin Hajji. Zuma kaɗai na sayo kala uku. Kowa na yaba mini, ana cewa ɗan nan bai huta ba tun da ubansa ya kwanta. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Numfashin Baba nake gudu, da yadda ɗakin ke yin shiru tsakanin numfashi da numfashi. Yaya kaɗai ta gano ni. Wata rana na shigo da wata kwalba ta ce in ajiye ta cikin 'yan'uwanta, in kuma akwai malamin da ya rage a ƙasar Katsina ban je wurinsa ba ta ba ni kuɗin mai.

Limamin masallacin unguwarmu tsoho ne, sa'an Baba, kullum da hantsi yake zuwa. Zai zauna a kan buzu, ya karanta Yasin a hankali, ya yi tofi, ya shafa wa Baba a ƙirji. Daga nan sai ya gyara zama su kama hirar ruwan sama da wanda ya yi noman fari da wanda ciyawa ta ci gonarsa. Yawanci shi ke magana, Baba na amsawa da kai. Abin yana ba ni haushi ƙwarai. Mutum yana bakin kabari, kai malami, maimakon ka tsoratar da shi ko ka kwantar masa da hankali da ayoyi, ka zauna kana ba shi labarin taki. Amma na lura duk ranar da Liman ya zo Baba ya fi samun barcin rana.

Shi ne ya koya mana yadda ake laƙana wa mara lafiya kalmar shahada. Ya kira ni da Yaya zaure, ya ce lokaci na matsowa, ya kamata mu sani. Ya ce ba a ce wa mai jin jiki ya faɗa, ba a matsa masa, don azaba na iya sa ya ƙi, a jawo masa abin da ba a so. Zama ake kusa da kunnensa, a faɗa a hankali kamar mutum yana faɗa wa kansa, a yi shiru, in an jima a sake.

"In ya faɗa, to ku kama bakinku," in ji shi. "Kada a sake sa shi magana. So ake ta zan ita ce ta ƙarshe. In kuma ya sake maganar duniya, sai a tuna mashi, ba wani abu ba ne."

Ba wani abu ba ne a bakin Liman. Ni da nake ɗaga Baba na san abin da kalma ɗaya take ci a jikinsa. Daga ranar nan na ɗora wa kaina abu guda: ko me zai faru, ubana zai cika da kalmar nan a bakinsa, kuma ni zan tabbatar.

Akwai wata magana da ta daɗe a gidanmu ba a taɓa ta. Baba yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Baffa. Asalinmu Wagini, can suka gaji gona suka raba biyu, a kan iyakar akwai wata tsohuwar ɗorawa da mahaifiyarsu ke samun kalwar daddawa a jikinta. Bayan rasuwarta Baffa ya ce inuwar na kashe masa gero, wata rana Baba na kasuwa ya sa gatari ya kayar da ita. Baba ya je ya faɗa masa maganganu a gaban jama'a, irin waɗanda ba a mayarwa ciki. Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Tsaskiya, garin surukansa. Shekara goma sha biyu ke nan, in jana'iza ta haɗa su kowa ya tsaya a ƙarshen sahu daban. A gidanmu ko sunansa ba a kira, sai dai a ce mutumin Tsaskiya.

Wata safiya Inna na ba shi kunu, Baba ya kawar da cokali ya ce a kira masa ƙanensa. Haka ya faɗa, ƙanensa. Inna ta fito tsakar gida ta zauna a kan turmi.

Waya ba ta shiga Tsaskiya a lokacin sai an hau tudu, shi ma sai an yi sa'a. Yaya ta kira mijinta a Safana, shi kuma ya ba wani mai babur saƙo. Kwana ɗaya shiru, kwana biyu shiru. An ce rafi ya cika, an ce kuma an ga mutanen daji da bindigogi a hanyar, masu babura sun daina bi. Ni ban karɓi ko ɗaya ba. Na ce taurin kai ne, wanda ya iya kayar da itacen uwarsa me zai dame shi da ɗan'uwa. Baba kuwa duk wanda ya yi sallama sai ya juya ido wajen ƙofa, in ya ga ba shi ba ne ya mayar. A kwana na biyu magana ta ɗauke masa kusan gaba ɗaya.

Nan hankalina ya tashi sosai. Na zauna kusa da kunnensa, karo na farko da na zauna da gaske, ina faɗin kalmar ina sakewa. Ba motsi. In tashi in leƙa zaure, in dawo in sake. Na fara ganin zai tafi bai faɗa ba, ni da na cika ɗaki da kwalabe. Sau ɗaya na kasa daurewa na ce, Baba ka ce mana, ka faɗa. Ya kawar da fuskarsa wajen bango. Yaya ta yi mini wani kallo da har yau in na tuna sai na ji kunya, ta nuna mini ƙofa da haɓa, na fita na yi ta zagaya tsakar gida cikin yayyafi.

Rana ta uku, bayan azahar, ruwa ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo. Yaya ta jiƙa auduga da zamzam ta shafa masa. Ni na gaji har ba ni da ƙarfin matsawa, na jingina da bango na faɗi kalmar a hankali ba tare da na sa rai ba. Sai muka ji ta fito daga bakinsa, cikakkiya, tun daga farko har ƙarshe, da muryarsa ta da wadda yake kiran farashi da ita, sai dai ƙasa ƙasa. Inna na bayan labule ta toshe bakinta da gefen zane. Yaya ta ɗora yatsa a leɓenta.

Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin tsoro irinsa ba, don yanzu akwai abin da zan iya rasawa. Na fita a kan yatsun ƙafa. Na kore kaji, na aika maƙwabta a dakatar da daka, na saki labulen ɗakin, na je na tsaya a zaure. Mutum biyu suka zo dubiya na sallame su daga waje, na ce yana barci.

Ban yi rabin awa a tsaye ba na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Wani tsoho ya sauko, wandonsa a naɗe har gwiwa, laka ta bushe a ƙwaurinsa, takalmansa a hannu. Sai da ya yi sallama na gane muryar. Baffa ne, ya tsufa fiye da yadda na zata, gemunsa fari fat, kuma kamarsa da Baba ta fito har ta ba ni haushi. Ya fara gaisuwa yadda ta kamata, gida da iyali da aiki da ruwa, ni kuwa da ya kamata in durƙusa in riga shi, a tsaye na amsa, biyu na amsa na yanke sauran. Ya tambayi mai jiki, ya nufi ƙofar ɗakin. Na sha gabansa.

"Baffa, ba a shiga. Ya riga ya faɗi kalma. Liman ya ce kada a sake sa shi magana."

Ya tsaya yana kallona. Ya ce shekaranjiya da yamma saƙon ya same shi, jiya ya taso ya tarar rafi ba ya ƙetaruwa ya koma, yau da ƙafa ya ratsa ruwa har ƙugu kafin ya samu babur zuwa Safana. Na ce kwana uku ana jiransa, da ya zo jiya ko shekaranjiya da babu mai hana shi, yanzu kam an rufe. Har na ƙara da cewa shekara goma sha biyu yana da hanya bai biyo ba. Wannan ba maganata ba ce, ba sa'ana ba ne, amma na faɗa.

Bai yi musu ba. Da ya yi faɗa da na ji daɗi. Sai ya ajiye takalmansa ya tsuguna a gefen zaure, ya samu tsinke yana cire laka daga tsakanin yatsun ƙafarsa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, ina jin numfashin Baba ta bayan labule. Na san Baba ne ya nemi mutumin nan. Na san kwana biyu yana kallon ƙofa. Amma na kuma san in ya buɗe baki ya yi masa magana, ƙarfin da zai sake faɗin kalmar ba lallai ya samu ba, kuma a lissafina na ranar, lahirar ubana ta fi zumuncinsa.

Inna ce ta raba mu. Matar da ba ta taɓa fitowa zaure in akwai namiji baƙo ba, sai ga ta da mayafi a karkace. Ta gaida Baffa a taƙaice, ta juyo gare ni.

"Shi ya aika a kira shi, ba kai ba. Kauce."

Na kauce. Ta leƙa ta kira Yaya ta ce ta fito a bar 'yan'uwa su gana, suka koma cikin gida. Ni dai ban bi su ba, na shiga bayan Baffa na tsaya a jikin bango.

Ya durƙusa wajen ƙafafun Baba ya kama su da hannu biyu, kumburarrun ƙafafun nan, ya ce, "Yaya, ni ne. Ka yafe mani." Baba ya buɗe ido, ya daɗe yana kallonsa. Ina roƙon Allah a zuciyata ya sa ya amsa da kai kawai. Sai ya ce, "Ka zo?" Baffa ya ce ya zo. Baba ya ce ya yafe, shi ma ya yafe masa. Na ce a raina to, wannan ko ba komai maganar alheri ce, a tsaya nan. Baba ya ja numfashi biyu, ya sake buɗe baki.

"Gero ya fidda kai can wajenku?"

Gero. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Baffa kuwa ya share ido ya fara ba shi amsa, wai na tudu ya fidda, na fadama ruwa ya yi masa yawa. Na ture shi gefe ba tare da na ce gafara ba, na durƙusa a kunnen Baba na faɗi kalmar. Shiru. Na sake, na sake, da sauri da sauri, duk abin da Liman ya hana. Idanunsa sun lumshe, numfashin ya sauya, ya koma mai nisa tsakani. Sai tunani ya zo mini cewa muryar Liman ce kaɗai zai bi. Na miƙe na fita a guje, ko takalmi ban sa ba.

Liman ba ya gida, an ce yana gona bayan gari. Na bi shi can cikin taɓo, na same shi duƙe yana cirar ciyawa, na kusa ɗaukarsa cak. Tsoho ne, tafiyarsa ta tsofaffi, ina gaba ina dawowa ina jan hannun rigarsa. Muna karyo kwanar lungunmu na ji salatin Yaya daga cikin gida.

Kafin magariba aka kai shi. A zaman makoki kowa ya zo gaisuwa sai ya ce an ce ya cika da kalmar shahada, Allah ya sa mu ma mu samu haka. Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce amin. Na ɗauka ta farkon nan suke nufi, wadda ni da bakina na sanar wa mutane daga baya. Maganar gero ni da Baffa kaɗai muka ji, kuma na rantse a raina babu mai jin ta daga gare ni, ko Inna, don kada a ce ma'aunin hatsi ya tafi da hatsi a bakinsa. Na binne ta a cikina, na ɗora wa Baffa laifinta gaba ɗaya.

Sau biyu ya neme ni a kwanakin nan. Ranar farko ya ce, ɗana zo ka zauna, akwai maganar da zai faɗa mini. Na ce ana jirana da tabarmi. Ranar sadakar uku, zai koma, ya sake kama hannuna a zaure ya ce minti biyu kawai. Na zare hannuna na ce zan duba masu abinci. Na ɗauka haƙuri zai ba ni, kuma ba na son in haƙura. Inna da Yaya sun zaci tsohuwar gabar ɗorawa na gada, suka yi mini faɗa har suka gaji. Su sun koma zumunci da Tsaskiya, ana kai goro ana kawo wake. Ni ko gaisuwa aka kawo daga can sai in ce ina amsawa, in ci gaba da taka keke.

Shekara biyar na yi da abin nan. Da rani yakan lafa. Amma da zarar damina ta yi nisa, na fita bayan gari na ga gero ya fara fidda kai, sai barci ya ƙaurace mini, ɗinki ya riƙa karkacewa, in farke in sake. Na tambayi malamai da dama, kullum da sunan wani abokina ne abin ya faru da shi. Duk amsa ɗaya suke bayarwa, cewa Allah zuciya yake dubawa, wanda ya rayu a kan kalmar ba a fid da masa rai da rahama, kuma yafiya tsakanin 'yan'uwa babban guzuri ce. Kafin su kai ƙarshe na fara neman takalmina. Ba lallashi nake so ba. So nake a mayar da ni ranar nan in riƙe ƙofar da kyau. Liman ɗin da ya kamata in tambaya kai tsaye, kunya ta hana ni har shi ma ya rasu.

A damina ta shida saƙo ya zo ta hannun mijin Yaya cewa Baffa na kwance, jiki ya yi tsanani, kuma ni yake nema. Ba Inna ba, ba Yaya ba, ni. Na ce ina da ɗinkin biki a hannu. Washegari na ce hadari ya haɗu. Ni da na ƙirga wa mutum kwana uku a zaure, sai da na yi huɗu. Inna ta daina amsa gaisuwata da baki, sai da kai kawai. A rana ta biyar na fita da sassafe.

Mota ta kai ni Safana, daga nan na ɗauki mai babur, muka yi da shi zai jira ni mu juyo kafin la'asar, don bayan la'asar babu mai bin hanyar. Tafiyar ta fi yadda nake zato. Wuri biyu muka sauka muka tura. Da muka isa rafin sai da na tuɓe takalmi na naɗe wando, mutum biyu suka taya mu ɗaga babur. Ruwan iya cinya ne, an ce ma ya janye, amma yana jan ƙafa, yashi na zamewa a ƙarƙashi. A tsakiyar ruwan na tuna tsoho ne ya ratsa shi har ƙugu, shi kaɗai, ya zo na bar shi tsugune yana cire laka da tsinke.

Wajen sha ɗaya muka isa. Babbar 'yar Baffa, wadda rabona da ita tun muna yara a Wagini, yanzu har da jikoki, ita na tarar a bakin ɗakinsa. Muka gaisa a hankali. Na tambayi mai jiki, na matsa zan shiga. Ta ce tun da safe ya faɗi kalma, malaminsu ya ce a yi shiru, kada a sake sa shi magana.

Takalmana na hannuna, laka a ƙwaurina. Na ja da baya ina neman inda zan tsuguna. Sai ta ɗaga labulen.

"Amma kai ya bar sallahu. Tun shekaranjiya ya ce in ka zo, ko ya faɗa, a bari ka shigo."

Yana kwance a tabarma ta gefen dama, fuskarsa gabas, ya ƙanƙance. A gefensa akwai kofi da auduga da dutsen taimama, kamar an kwaso ɗakin Baba an kawo. Na tsuguna a kan yatsun ƙafa na gaishe shi, duk gaisuwar da na yanke masa a zaure na jero ta. Ya buɗe ido. Abu na farko da ya ce shi ne in zauna, zama na sosai, ba tsugunon mai shirin tashi ba. Na zauna na naɗe ƙafa. Gwiwata ta fara halinta, ya miƙo hannu ya ɗora a kai.

A hankali ya yi maganar, yana hutawa tsakani, ni kuma ban katse shi ba. Ya ce ranar nan da na fita, bai san yadda ake yi ba, shi ba malami ba ne, sai ya ci gaba da ba Yayansa amsar da ya tambaya. Ya gaya masa na tudu ya yi kyau, tsuntsu bai fara sauka ba, waken da ke tsakani ya yi yaɗo. Ya ce Baba na ji, don ya matse masa yatsa. Da labarin gona ya ƙare, tsoro ya kama shi shi kaɗai a ɗaki, sai ya faɗi kalmar don kansa.

"Sai ya bi ni," in ji Baffa. "Sau biyu ya faɗa. Bai ƙara cewa komi ba. Ina jin ko bakin lungu ba ka kai ba."

Ya ce ya gaya wa Inna da Liman tun ranar, shi ya sa mutane ke faɗa a wurin makoki. Amma ya san ni abin da na ji daban ne, ya ga fuskata lokacin da na fita.

"Na so in faɗa maka. Ba ka zamna ba."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne Baba. Wani ɓangare na zuciyata, mai taurin nan, ya so ya ce ko lallashina yake yi. Amma mutumin da ya riga ya faɗi kalmarsa da safe, ya kuma buɗe baki ya saki abin da ya samu don kawai ya sauke mini kaya, ba zai yi haka a kan ƙarya ba. Na ce, Baffa ka yafe mini. Ya ce ya yafe tun a zaure. Ya lumshe ido, ya gaji, kuma yanzu maganarsa ta ƙarshe ta duniya ce, saboda ni.

Na matsa kusa da kunnensa na faɗi kalmar sau ɗaya, a hankali, na yi shiru. Bai motsa ba. Na jiƙa auduga na shafa masa a leɓe yadda na ga Yaya na yi. Da azahar na ɗora hannuwansa a kan dutse. Na sake faɗa, na sake yin shiru. Duk jikina na ce mini in tashi, in nemo malaminsu, in nemo zamzam, in nemo wani abu. Can 'yarsa ta leƙo ta ce mai babur ya ce rana ta karkata, in za a tafi yanzu ne. Na ciro kuɗinsa na zuwa da komawa na ba ta, na ce ta ce masa ya sauka lafiya. Ina jin ƙarar babur ɗin har ta ɓace ta wajen rafi.

Bai faɗa ba ran nan. Washegari da hantsi ya faɗa, sau ɗaya, ƙasa ƙasa, bai sake magana ba. Wannan karon ba labari aka ba ni ba. Ina zaune, hannunsa na kan gwiwata.